Daga Katsina zuwa matsirgar Assop: yadda za ka kai iyalinka su ga ruwa na zubowa daga dutse

Yaron da ya tashi a Katsina ko Daura ya san ruwan rijiya da na famfo, ya san kududdufin bayan gari, ya san gulbin da ke cika da damina ya koma yashi da rani. Ruwan da ke faɗowa daga saman dutse da rugugi, yana feshi har ya jiƙa wanda ke tsaye can nesa, wannan sai dai a waya. Wata rana ƙaramar 'yarmu tana kallon irinsa a wayar mahaifiyarta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai da gaske ruwan daga dutse yake fitowa, ba daga sama ba?" Tambayar nan ce ta sa na ɗauki iyalina muka yi tafiyar, kuma abin da na koya a cikinta nake so in shimfiɗa wa duk magidancin da ke da irin wannan niyya.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Mu mutanen rairayi ne. Ƙafarmu ta saba da ƙasa mai laushi wadda in ka faɗi za ka tashi ka kaɗe riga. Idonmu ya saba da ruwa mai kwanciya. Jiƙaƙƙen dutse da ruwa mai gudu baƙi ne a wurinmu, manya da yara, kuma tafiyar da ɗan Filato zai kira wasa, mu sai mun yi mata shiri.

Wace matsirga?

A Arewa akwai huɗu da aka fi sani. Gurara tana jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, mai faɗi ce ƙwarai, kuma da damina ƙarfinta na da ban tsoro. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan a kudancin Kaduna, wadda sunanta ma ya faɗi abin da take. Akwai Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, ita ce mafi tsawo a cikinsu, amma hanyarta da tafiyar ƙasarta ba na mai goyo da 'yan yara ba ne. Sai Assop a jihar Filato, kimanin kilomita 60 daga Jos a kan hanyar Akwanga, a gindin Hawan Kibo.

Ga mai iyali, ni Assop na zaɓa, kuma ita nake ba da shawara. Tana kusa da bakin kwalta, tafiyar ƙasar gajeriya ce, yaro ɗan shekara biyar zai iya. Jos na kusa, akwai masauki, akwai manyan asibitoci, kuma da wuya Bakatsine ya rasa ɗan'uwa ko abokin kasuwanci a garin. Ba ta kai Gurara girma ba, amma wanda bai taɓa gani ba ta ishe shi kallo, kuma ƙaramin wuri ya fi sauƙin sa ido a kan yara.

Kada ka yaudari kanka cewa tafiyar wuni guda ce daga gida. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, Kano zuwa Jos kuma wajen 300. Da yara a mota, da tsayawa salla da cin abinci da kewayawa, wuni ne cur. Saboda haka kwana uku za ka ware: ranar zuwa, ranar ruwa, ranar dawowa. Wanda ya matse su cikin kwana biyu zai yi tuƙin dare, kuma tuƙin dare da iyali a wannan hanya abu ne da ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Lokacin zuwa

Daminar Jos ta fi tamu tsawo. Tana farawa wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma Yuli da Agusta ne tsakiyarta. A watannin nan biyu ruwan yana kan ganiyarsa, jajawur, duwatsu duk santsi, hadari na iya haɗuwa cikin rabin awa. Hotunan da suka fi burge mutane a lokacin ake ɗaukarsu, amma ba lokacin kai yara ba ne, duk da cewa ya zo daidai da dogon hutun makaranta. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: sama ta ɗauke, ruwa na nan da yawa, ya fara washewa, ciyawa ba ta gama bushewa ba. In makaranta ta hana, hutun Disamba ma ya yi, sai dai ruwan ya ragu kuma sanyin Jos a lokacin ba irin namu ba ne, garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Daga Fabrairu zuwa Maris ruwan kan ja baya sosai, kana iya shan doguwar tafiya ka tarar da abin da bai kai labarinsa ba.

Ka guji ranakun biki, wato bayan Salla, Kirsimeti da sabuwar shekara. Wurin kan cika da matasa da kiɗa, yaro na iya ɓace maka a cikin taro, mata kuma ba za su sake ba. Ranar aiki a tsakiyar mako ta fi. Juma'a kuma ka bar ta, don kada ka raba hankalinka tsakanin ruwa da neman masallaci.

Tambayar hanya

Mu da muke Katsina ba sai an koya mana wannan ba, mun san abin da ake nufi da a ce hanya ba kyau. Hanyar Jos daga Kano tana ratsa dajin Falgore, yankin Riyom da matsirgar take kuma ya sha fama da rikici. Wani lokaci a yi watanni lafiya lau, wani lokaci abu ya tashi cikin dare ɗaya. Don haka ka yi tambaya sau biyu: mako guda kafin tafiya, da kuma daren da za ku tashi. Direbobin tasha masu bin hanyar kullum sun fi kowa sani. Ka haɗa da wani mazaunin Jos da ka amince da shi, ka ce masa ƙarara, "Da iyali zan zo, in kai ne za ka kai naka Hawan Kibo gobe?" In ya yi jim kafin ya amsa, ka ɗage. Mu ma sai da muka ɗage sau ɗaya, yara suka yi kuka, bayan wata guda muka tafi hankali kwance.

Ka bar wa wani a gida bayanin tafiyar: hanyar da za ku bi, inda za ku sauka, ranar dawowa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya kuma 122. Ka rubuta su a takarda tare da lambobin 'yan'uwa, don waya na iya mutuwa ko ta faɗa ruwa.

Su wa za su je

Ƙa'idata ita ce kowane yaro da bai kai shekara bakwai ba ya zama yana da babba guda da ke riƙe da shi, wanda ba shi da wani aiki sai shi. In kana da ƙanana uku, kai da maiɗakinka ba ku isa ba, ku ɗauki ƙanwarta ko ƙaninka. A faɗa da baki tun a gida: wane na hannun wance. Abin da ke jawo asara a bakin ruwa shi ne kowa na zaton ɗaya na kallo.

Tsofaffi suna iya zuwa, kuma suna jin daɗi fiye da yadda ake zato. Gwaggona ta bi mu, da ciwon gwiwarta. Ba ta sauka har ƙasa ba, mun shimfiɗa mata darduma a inuwa inda take hango ruwan, ta zauna da carbinta tana tasbihi. Da na ce, "Gwaggo, ko in riƙe ki mu ƙarasa?" sai ta ce, "A'a ɗan nan, daga nan ma na ga ikon Allah." Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganinsa a jikinsa, ba a mota ba. Mai tsohon ciki ta haƙura sai wani karon, hanyar ma kaɗai ta isa wahala.

Mako biyu kafin tafiya ku fara motsa ƙafa. Bayan la'asar a fita da yara a yi tafiyar rabin awa, a ƙara kaɗan-kaɗan har awa guda, sanye da takalman da za a je da su. A nan za ka gane takalmin da ke cizo, da yaron da ke saurin cewa a ɗauke shi. Mutanen birni suna iya takawa daga Ƙofar Soro zuwa Gobarau su dawo. Wanda ke da 'yan'uwa a Kano, hawa matakalar Dala gwaji ne mai kyau: yaron da ya hau Dala ya sauko da ƙafarsa ba zai gaza a Assop ba.

Kaya

Takalmi ne kan gaba, kuma a nan mutanenmu suka fi kuskure. Silifas ba ya riƙe ƙafa, da ya jiƙe sai ya zame ko ya tsinke. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa, irin na zuwa Juma'a, ya fi shi haɗari. A nemi kambas mai igiya wanda ƙasansa ke da zane mai zurfi, na gwanjo ma ya wadatar, a sa da safa. Kada a sayo sabo a sa shi ranar farko a can.

Maigida ya ajiye babbar riga da dogon kaftani, ya sa riga 'yar shara ko mai dogon hannu marar nauyi da wando. Mata su sa dogon wando a ciki, riga ta tsaya a ƙwauri, hijabi kuma matsakaici wanda bai wuce gwiwa ba. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana rufe wa mace inda za ta taka, yana kama ƙaya, kuma in ya jiƙe nauyinsa kaɗai na iya kayar da ita. Sutura tana cika ba tare da shi ba. Zani ma yana ɗaure taki a wurin da ake buƙatar buɗe ƙafa. Kowa ya zo da kayan canji guda a leda, da rigar sanyi, don yaron da feshi ya jiƙa a iskar Filato nan take zai fara karkarwa.

Ruwan sha: babba lita biyu, yaro lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Jakar ruwan leda guda lita goma ce, ta ishi iyali mai mutum shida, amma ku zuba a goruna masu murfi don sun fi sauƙin ɗauka, kuma ba za ku bar leda a wurin ba. Ruwan matsirga komai haskensa ba na sha ba ne, ya ratso ƙauyuka da gonaki da mashayar dabbobi kafin ya iso.

Abinci a zaɓi wanda ba ya lalacewa: dambun nama ko kilishi, gurasa ko burodi, dafaffen ƙwai, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, lemo da ayaba. In ana son mai nauyi, a dafa shinkafa da wake da safe a zuba a kula. Fura da nono da kunun aya ku bar su, kafin azahar sun yi tsami, kuma gudawa a hanya ita ce ke ɓata tafiya gaba ɗaya.

Sai 'yar jakar magani: filasta, bandeji, auduga, maganin wanke rauni, farasitamol na manya da na yara, da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ƙara da tabarma ko darduma, buta, sabulu, tocila, babbar leda ta shara, da tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana, don kada ka dogara da tura kuɗi ta waya a gindin dutse. Duk wannan a jakar goyo za a sa, hannu biyu su zama a sake.

Ranar zuwa

A kai mota wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba. Birki, taya har da safaya, ruwan lagireto, fitilu. Birki na nanata, za ka ga dalili a Hawan Kibo.

Ku tashi da an sallame asuba. Daga Katsina ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, a shiga Kano. Mutanen Daura ta Kazaure da Ɗambatta. Daga Kano a ɗauki hanyar Zariya zuwa Kwanar Ɗangora, a karya ta Tudun Wada, a ratsa Falgore da rana tsaka, a fita Saminaka, Jengre, sai Jos. A sha mai a Kano, a kewaya da yara kafin shiga daji, don a cikinsa ba a tsayawa. Yara a kujerar baya, kowa da bel. Niyyarka ka shiga Jos kafin la'asar ta yi sanyi.

Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu suka ƙayyade, kuma zaman bai kai kwana huɗu ba, saboda haka kasaru za ku yi har ku dawo. Dama ce ta koya wa yara hukuncin a aikace.

Da daddare a kwanta da wuri. Kafin barci ka tara yaran ka gaya musu dokoki uku kawai, don fiye da haka ba za su riƙe ba: ba gudu, ba wanda zai wuce na gaba, ba wanda zai taɓa ruwa sai Baba ya ce. Ka sa su maimaita.

Ranar ruwa

A karya kumallo sosai, a bar Jos wajen ƙarfe takwas. Hanyar ta bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a zuwa Riyom. A nan za ku hango duwatsun Riyom, manya-manya a ɗore kan juna kamar hannu ne ya jera su. Ku nuna wa yara, amma ku bar tsayawa sai a dawowa.

Daga nan sai gangaren Hawan Kibo, inda tudun Filato ke sauka. Hanya ce mai kwana-kwana da ta sha cin manyan motoci. Ka sa mota a ƙaramin giya ta riƙa riƙe kanta, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Kada ka zauna a gaban tirela mai lodi, kada ka wuce mota a kwana. Yaron da mota ke sa wa amai a ba shi leda tun daga sama.

Da kun isa, a yi sallama da masu kula da wurin, a biya kuɗin shiga, a tambayi inda za a ajiye mota. Sannan ka nemi ɗan gari ya raka ku, ku daidaita abin da za ka ba shi tun kafin a fara tafiya. Wannan kuɗi ne da ban taɓa jin ciwon fitar da shi ba. Shi ya san dutsen da ke da santsi, ya san inda ruwa ke da zurfi, ya san ko an yi ruwa a sama jiya. Hausa ta wadatar, kowa na ji. Ka tuna kai baƙo ne a ƙasar mutane, in sun ce ba a zuwa wuri kaza, kada ka tsaya neman dalili.

Jerin tafiya shi ne ɗan rakiya a gaba, sai mafi rauni a cikinku, yaro ko tsohuwa, sai saura, maigida a ƙarshe yana ganin kowa. Takin mai rauni shi ne takin kowa. Samari 'yan sha biyu zuwa sha biyar su ne matsala, jininsu na tafasa, suna so su riga kowa. Maganinsu a ba su aiki. Na ce wa babban ɗana, "Kai ne mai ruwa, duk wanda ya ji ƙishi wurinka zai zo." Ƙannensa suka riƙa kiran "Yaya, ruwa," shi kuma bai ƙara yin nisa ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wato taka dutse. Busasshen dutse mai haske yana riƙe takalmi. Wanda ya yi duhu jiƙaƙƙe ne. Wanda ya yi kore ko baƙi-baƙi mai sheƙi gansakuka ce a kansa, kuma ta fi sabulu santsi, ba takalmin da ke kama ta. Ka nuna wa yara kala ukun nan da yatsa tun a dutsen farko, ka sa su shafa da hannu su ji. A gajarta taki, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, a gwada dutse kafin a sakar masa nauyi. Inda gangare ya yi tsanani a zauna a ja gindi, ba abin kunya ba ne, wando ne kawai zai yi datti. Yaro kuma a wuyan hannu ake riƙe shi, ba a yatsu ba, don in ya zame yatsu suɓucewa suke. Babba ya tsaya ta ɓangaren ruwa, yaro ta ɓangaren tudu.

Mai goyo ta tsaya a busasshen wuri. Goyo yana canza ma'aunin jiki, kuma in uwa ta faɗi ta baya, kan jariri ne zai fara isa dutse. Maiɗakina ta so ta matsa kusa, sai ta kwance ta miƙa wa ƙanwarta da ke zaune, ta je ta gani ta dawo. Haka ya kamata.

Da kun iso inda ake ganin ruwan sosai, ku nemi wuri busasshe mai faɗi, nesa da gefe, ku shimfiɗa tabarma. Ka ja layi a ƙasa ko ka ajiye sanda, ka ce nan ne iyaka. Sannan ku zauna ku kalla. Kada a fara da hoto. Ƙaramar 'yarmu ta yi shiru na tsawon lokaci, bakinta a buɗe, feshi na sauka a fuskarta, can ta ce, "Baba, ba ya ƙarewa?" Na ce mata tun kafin a haifi kakana yake zuba haka, dare da rana. Minti goman nan su ne abin da muka yi tafiyar kilomita ɗaruruwa dominsa, kuma da waya na hannuna da ban gan su ba.

In an zo hoto, mai ɗauka ya tsaya cak, wanda ake ɗauka ya zauna. Kada a ce wa kowa "ja baya kaɗan" alhali ruwa na bayansa. Hawa saman matsirga don leƙo ƙasa kuma babu shi a tafiyar iyali, ko da kun ga wasu na yi.

Wanka fa? Za ku tarar da masu yi, yara kuma za su roƙa. Ni ban bari ba, kuma ga dalilaina. Inda ruwa ke faɗowa yana haƙa rami mai zurfi, yana juyawa a ƙasa, yana jan mutum ciki ko da ya iya iyo, namu kuwa yawancinsu ba su iya ba. Ruwan na da sanyin da ke ɗaure jijiya. Sannan ruwan rafi da tafki a ƙasar nan yana iya ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a gefen ruwa inda ya lafa. Feshin da ke isowa inda kuke zaune ya isa jiƙa fuska. Akwai kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, cizonsu na da ƙaiƙayi, kuma irinsu ne ke yaɗa cutar makantar bakin kogi ga mazauna da suka daɗe suna shan cizo. Dogon hannu da dogon wando da safa suna rage su.

Ka riƙa ɗaga kai kana duban sama, kana kuma duban ruwan. Ana iya yin ruwan sama a kan tudu ku ba ku sani ba, sai dai ya iso muku. Alamunsa: ruwa ya fara canza kala zuwa ja, ganye da karare su fara gangarowa, ƙarar ta ƙaru, dutsen da ke waje ɗazu ya nutse. Ko ɗaya ka gani, a tattara yara a hau tudu, kaya su biyo baya. In an yi tsawa ma haka, a koma mota, kada a fake a gindin doguwar bishiya.

In tsautsayi ya faɗa

Wanda ya faɗa ruwa, kada wanda bai iya iyo ba ya bi shi, mutum biyu za a rasa. A yi ihu a kira 'yan gari, a kwanta rub da ciki a miƙa masa doguwar sanda ko zani ko rawani, a jefa masa jarka marar komai mai rufaffen murfi ya rungume.

Wanda ya gurje, a wanke da ruwan sha da sabulu, a rufe. Wanda ya bugu a ka, in ya yi amai, ko barci ya riƙa ɗibarsa, ko maganarsa ta rikice, a tafi asibiti nan take. Ƙafar da ta kumbura ba ta takuwa a ɗaure ta da kara yadda take, kada a ja.

Maciji yana son kogon dutse da ciyawa, don haka kada yaro ya zura hannu inda ido bai gani ba. In sara ya auku, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa mota, a nufi asibiti. Ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a tsayawa neman mai magani. Saran kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar da aka yi da niyyar taimako ita ce za ta ƙi tsayawa. Allurar kashe dafin maciji ce magani, kuma Jos na da manyan asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Juyawa

A ci abinci wajen sha biyu, a wanke hannu da ruwan da kuka zo da shi. In azahar ta yi a yi alwala da buta, a yi salla a busasshen wuri. Sannan a ba yara ledar shara su tsince duk abin da kuka zubar, har da ɓawon ƙwai da na lemo, a tafi da ita mota. In yaro ya matsu, a kai shi nesa da ruwa a binne, akwai masu sha a ƙasa.

Ƙarfe biyu ku kama hanya, ko da yara na cewa a ƙara kaɗan. Dawowa hawa ne, ƙafafu sun gaji, kuma yawancin faɗuwa a lokacin take faruwa. A huta sau biyu ko uku, a sha ruwa. A mota a canza wa wanda ya jiƙe kaya, a sa rigar sanyi. A sallami ɗan rakiya da abin da aka yi alkawari, in ya kyauta a ƙara masa. Hawan Kibo a hawa yana sa mota zafi, ka sa ido a kan allurar da ke nuna zafin inji, in ta tashi ka sami wuri mai faɗi ka tsaya, kada ka buɗe lagireto sai ya huce. In hanya lafiya kuma rana na nan, ku tsaya minti goma a Riyom yara su ga duwatsun da kyau.

Washegari ma da asuba za ku tashi, don a ratsa Falgore da hantsi. Tsaraba a saye ta tun yammacin ranar ruwa: dankalin Turawa, kabeji, karas da koren wake a kasuwar Farin Gada, sun fi araha da kyau a can, kuma maƙwabta za su tambaya. Bayan an dawo gida a sa ido a kan yara na 'yan makonni. Wanda ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jini, wanda ya shiga ruwa kuma aka ga jini a fitsarinsa, ko bayan wata biyu ne, a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka je.